Musayar Waƙa: Kwana 13 a Kan Kuba

Malam Na-Zazzau:
Assalamu alaikum. Na buɗe fage, amsa-amonmu "ya".

A Oktoban 1962 hankali ya tashi a duniya,
Jirgin leƙen asirin Amurka U-2 ya ɗauko hoto ba ƙarya,
Kurushof, shugaban Sobiyet, ya girke wa Kuba makaman nukiliya,
Mil 90 daga Florida, ba wata doguwar tafiya,
Kenedi, shugaban Amurka, ya jera jiragen ruwa suka tare hanya.

'Yar Damagaram:
Allah gafarta Malam, ka ɗauko zancen daga tsakiya,
Amurka ta riga ta kafa makamai masu linzami Jupiter a Turkiyya,
A ɓoye Kenedi ya yi alkawarin kwashe su daga baya,
Kastro mai ƙasar kuwa, ko shawara ba a yi da shi ba ɗaya.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ni 27 ga wata ta fi tsaya mini a zuciya:
B-59, jirgin yaƙin Sobiyet, na can ƙarƙashin teku, ba labarin Mosko ta waya,
Zafi ya yi zafi, batir na mutuwa, numfashi na wuya,
Amurkawa na sako ƙananan bama-bamai, su fito su daina ɓuya,
Kaftin ya ce a harba nukiliya, ai an fara yaƙin duniya,
Arkifof, babban hafsa a jirgin, ya ce bai yarda ba, ya kafe a kan ƙafa ɗaya.

Malam Na-Zazzau:
Madalla, ɗana. Tsoron ranar ne ya zaunar da manya.
Wasiƙar Kurushof ta yi kusan awa 12 a hanya,
Janyewarsa ma ta Rediyon Mosko aka ji murya,
Shi ya sa a Yunin 1963 suka amince su ja wa juna layin waya,
Na'urar buga rubutu ce, jan tarho zancen ƙarya,
A Agusta kuma a Mosko aka sa hannu a yarjejeniya:
Ba gwajin nukiliya a iska, a ruwa, ko a sararin samaniya.

'Yar Damagaram:
Na ji, Malam, amma gwajin ƙarƙashin ƙasa bai tsaya,
Mosko ta ji kunya, ta ƙera ɗaruruwan makamai don ramuwar gayya,
Maknamara, sakataren tsaron Amurka, ya ce tabbacin halaka juna shi ne kariya,
A 1972 Amurka da Mosko suka taƙaita garkuwar kakkaɓo makami gaba ɗaya,
Aka bar mata da yara jingina, wannan ke ƙona mini zuciya,
A 2002 Amurka ta fice ma daga wannan yarjejeniya,
To ina abin da aka koya? Malam, ga tambaya.