Ina ajin Probatuwar a Garwa, ta yaya zan shirya wa karatun zanen kwamfuta?

Aminu:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa ta Kamaru, bana zan rubuta Probatuwar, jarrabawar ajin kusa da na ƙarshe, baɗi kuma Bak, jarrabawar kammala sakandare, idan Allah ya kai mu. Burina in karanci zanen kwamfuta, wato infografi, a jami'a. Ba ni da kwamfuta, a wayar yayata nake haɗa katin gayyatar biki da manhajar Canva, kuma mahaifina yana ganin wannan ba karatu ba ne da mutum zai riƙe gida da shi. Me ya kamata in fara yi tun yanzu?

Hadiza:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi wannan karatun, don haka abin da na gani zan faɗa maka. Akwai makarantar fasahar zane a Fumban ƙarƙashin Jami'ar Dschang, akwai wata a Nkongsamba ƙarƙashin Jami'ar Duwala, sannan Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da tata cibiyar, ga ta a ƙofar gidanku. Da konkur, wato jarrabawar neman gurbi, ake shiga, saboda haka ka nemi sanarwar ta bara ka karanta sharuɗɗanta da kanka, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta.

Rashin kwamfuta bai kamata ya hana ka barci ba. Ka sayi littafin zane da fensir, kullum ka zana abu guda da ke gabanka, ko buta ce, ko babur ɗin da aka jingina a zaure, ka rubuta kwanan wata a ƙasa. Ni da butar alwalar mahaifiyata na fara, na zana ta fiye da sau ashirin kafin bakinta ya daina karkacewa. Manhaja ana koyonta cikin 'yan watanni, amma ido da hannu sai an ɗauki shekaru ana horar da su. Kada kuma ka yi sakaci da Faransanci, domin kuskuren harafi ɗaya a kan allon talla ya isa ya zubar maka da mutunci a wurin mai aiki.

Malam Sale:
Ɗana Aminu, shekaruna da yawa ina aikin buga takardu a Marwa, kuma shawarata ita ce ka nemi wata maɗaba'a a babban hutu ka ce ka zo koyo, ko ba za a ba ka ko dala ba. A can ne za ka gane cewa launin da ke kan fuskar kwamfuta, wanda ake kira RGB, dabam yake da tawada huɗu ta injin, wato CMYK. Na taɓa ganin yaro ya haɗa bandarol, wato ƙyallen talla, da shuɗi mai ƙyalli, da aka buga sai ya fito a dushe kamar an wanke shi da toka, mai aikin ya ƙi karɓa, asarar ta hau kanmu. Haka nan hoton da aka tura ta WhatsApp an riga an matse shi, idan aka faɗaɗa sai ya farfashe. Hoton bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci.

Akwai wani abu da nake so yaranmu su riƙe da muhimmanci. Yawancin nau'o'in haruffa masu kyau ba su da ɓ da ɗ da ƙ na Hausa, balle ŋ da ƴ na Fulatanci, sai ka ga an buga sanarwa da akwati fanko a tsakiyar kalma, abin yana ƙona mini rai. Haruffan Noto da Andika kyauta ne kuma suna da su. Mai zanen da ya iya rubuta harsunanmu daidai ba zai rasa aiki a arewa ba.

Madam Bilkisu:
Ni malamar lise ce. Aminu, Probatuwar ta fi komai a wannan shekarar, domin ba a zama Bak sai da ita. Idan ka samu kwamfuta ta hannu, ka sa manhajojin zane na Inkscape da GIMP, ba a biyan ko sisi. Game da Baba kuwa, kada ka yi jayayya da shi. Ka tsara masa kan takardar rasit ta shagonsa ko allon ƙofa, ka bugo, ka ajiye a gabansa.

Aminu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na sayi littafin zanen. Malam Sale, da wace magana ya dace in tunkari mai maɗaba'a ranar farko, kuma in tafi da zanena ko in bari sai ya tambaya?