Idan wani abu ya maƙale a hanyar fitsari

Da aka nemi shawara kan abin da ya kamata a yi idan wani abu ya maƙale a hanyar fitsari, bakin masu shawarar ya zo ɗaya kan cewa kada mutum ya yi yunƙurin zaro abin da kansa, don yana iya tura shi cikin mafitsara ko ya yage hanyar fitsari. Kunya ce ke hana mutane zuwa asibiti, alhali likitoci sun saba gani. Jinkiri kuwa na jawo ƙwayoyin cuta, jini a fitsari, har tsakuwa ta taru a jikin abin. Idan fitsari ya tsaya cak ko zazzaɓi ya taso, a garzaya nan take. Bayan hoto, galibi da siririn bututu mai kyamara ake ciro shi, sai ya gagara ake tiyata. Wani ya tunatar cewa tabo kan matse hanyar daga baya, don haka a koma a sake dubawa.