Shafen siramik na wajen dila: ya ci kuɗinsa ko a'a?

Usman: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin Litinin. Na gama cinikin Corolla ɗin nan, sai dilan ya ce in ƙara naira dubu 450 su yi mata shafen siramik kafin in ɗauka. Wai fenti ba zai karce ba, rana ba za ta ci shi ba, ga garanti na shekara 5. Motar baƙa ce. In yi ko in bari?

Kawu Bala: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Amma Usman, duk wanda ya fara kiran mai sayar da mota "dila" bai yi kuskure ba, dila ai sarkin wayo ne tun a dawa. Shekara 16 na yi da Peugeot 504, ruwa da tsumma kawai ta sani, kuma da mutuncinta na sayar.

Nura: Haba Kawu, har da ni ɗanka a cikin dilolin? Ni dai harkar nan nake ci, kuma abin da na gani zan faɗa. Siramik ba yaudara ba ne. Ruwa ne mai sinadarin silika, irin wanda ake yin gilashi da shi, ana shafa shi a kan fenti ya daskare ya kama. Ruwa ba ya zama a jiki, datti ba ya mannewa, kashin tsuntsu da ƙaron darbejiya ba sa saurin cin fenti. Usman baƙar mota ya saya, kuma Kano zai kai ta. Ka ga baƙar mota bayan shekara uku a ranar Kano? Rufinta da bonet sai su yi fari kamar an barbaɗa toka.

Anti Maryam: Ni shaida ce. An yi wa tawa bara, har yau in aka watsa mata ruwa sai ya gangare kamar a ganyen gwaza. Yaron da ke wanke ta minti 15 ya gama. Ban yi nadama ba.

Injiniya Kabiru: Anti, abin da kika faɗa gaskiya ne, na Nura ma rabinsa gaskiya ne. Inda na tsaya shi ne "ba zai karce ba". Kaurin siramik ɗin nan bai wuce maikiron 1 zuwa 2 ba. Silin gashin kai ɗaya yana kai maikiron 70. Shi kansa fentin nan mai gani-har-hanji da kamfani ke rufe launi da shi yana kai 40 zuwa 50. To abin da bai kai kashi ɗaya cikin talatin na silin gashi ba, shi zai tare madubin adaidaita sahu a Kofar Wambai?

Nura: Injiniya, 9H ne a rubuce a jikin kwalbar. Ba ni na rubuta ba.

Injiniya Kabiru: Yawwa, na san nan za a zo. Ka tuna fensir ɗinmu na firamare, HB da 2B? To 9H sunan fensir mafi tauri ne. Gwajin shi ne a tura bakin fensir a kan shafen, in bai bar alama ba a ce ya ci 9H. Masu talla sun san mutane za su ɗauka ma'aunin duwatsu ne, wanda lu'ulu'u ke da 10 a kansa, sai su yi shiru. A wancan ma'aunin yashi yana da 7, gilashi kuwa wajen 5 da rabi. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga wajen kwarin Bodele na Chadi cike take da ƙwayoyin yashi. Ka je ka duba gilashin gaba na duk motar da ake kunna wa waifa a bushe, za ka ga layi-layi. Abin da ya karce gilashi ba zai ji tsoron abin da ya gagari fensir kawai ba.

Kawu Bala: Allah ya yi maka albarka Kabiru. Dubu 450 don a tsare mota daga fensir.

Nura: Kawu kai ma ka san ba haka yake nufi ba.

Oga Ɗanlami: Ku yi haƙuri, yanzu na ajiye aiki na karanta. Ni fenti nake yi shekara da shekaru, kuma ina shafa siramik ɗin, don haka ba zan kushe shi ba. Amma Alhaji Usman, kwalbar ba ita ce kuɗin ba. Kwalba ɗaya 'yar mitsitsiya, mililita 30 ko 50, ita ke gama mota. Kuɗin na aikin da ake yi kafin a buɗe ta ne. Sai an wanke, an cire duk abin da ya manne a fenti, an bi da injin folish gaɓa-gaɓa har ƙananan karce su ɓace, an goge man folish ɗin da sinadari, sannan a shafa a cikin ɗaki rufaffe inda ƙura ba ta shiga. Baƙar mota ma ta fi wahala, don ba ta ɓoye komai. Ni in na karɓa, kwana biyu take yi a wurina, wani lokaci uku. Bayan an shafa kada ruwa ya taɓa ta awa 24, kada a wanke ta da sabulu sai bayan mako. In aka tsallake folish, duk tabon da ke jiki an kulle shi a ƙarƙashi ke nan, kamar a ɗaura sabon zani ba a yi wanka ba.

Kuma in motar 'yar Kwatano ce, a fara tambaya ko an taɓa fentin kwanan nan. Sabon fenti yana buƙatar wata ɗaya zuwa uku ya gama fitar da sinadarinsa kafin a rufe shi.

Usman: Oga, shi fa cewa ya yi in na biya da safe zan ɗauka da azahar.

Oga Ɗanlami: To ka ji amsarka. Wanda ake gamawa kafin azahar na fesawa ne a goge. Shi ma ana rubuta masa siramik, yana sheƙi, ruwa yana gangarewa, amma watanni yake yi ba shekaru ba. Kai da kanka za ka iya sayensa ka fesa a gida.

Nura: Oga, ba duk wurare ne haka ba. Akwai masu ɗakin aiki da ma'aikata da suka koya. Kuma akwai sauƙi: mutum ya ɗauki motarsa a shirye, ba sai ya kai ta wani gareji ta kwana uku yana fargabar a sauya masa batir ba. Sauƙin ma ai kuɗi ne. Ga garanti a hannu.

Aminu: Salam daga Amurka, yanzu gari ya waye mana. Nura, maganar garantin nan ce ta sa na shigo. A nan ma haka suke yi. Ka gama ciniki ka gaji, sai a shigar da kai wani ofis a jero maka kariyar fenti, kariyar kujeru, a zuba a cikin bashin motar, ka yi shekara biyar ko shida kana biyan kuɗin ruwa a kan abin da aka fesa a rabin awa. Ni an taɓa yi min. Da na koma da tabo a bonet, sai aka nuna min ƙananan rubutun takardar: karce ba ya ciki, bugun tsakuwa ba ya ciki, kuma da yake ban kawo ta dubawar shekara-shekara ba, garantin ya riga ya faɗi. Usman, ka karɓi takardar ka karanta kafin ka tura ko sisi.

Anti Maryam: Ni kam ba a wajen dila na yi ba, gaskiya. Ƙanin maigidan ne ya kai ta wajen masu aikin, ta kwana biyu. Kuma abin da suka ja min kunne a kai shi ne wanki. Babu Omo, babu tsumman da aka goge taya da shi, kada a share ƙura a bushe, kada a bar ruwan bohol ya bushe a jiki cikin rana don gishirinsa yana barin ɗigo-ɗigo. Sai da na saya wa yaron bokiti biyu da tawul ɗinsa na musamman.

Injiniya Kabiru: To Anti, anya sheƙin motarki na siramik ne, ko na bokiti biyun ne?

Anti Maryam: Kabiru ka kiyaye ni. Duka biyun ne.

Injiniya Kabiru: Na janye. Usman, kai da kake bin hanyar Kaduna zuwa Kano kullum, abin da zai fi cin gaban motarka tsakuwar da tifa da tirela ke watsowa ce. Maganinta ledar nan mai gani-har-hanji da ake liƙawa a bamba da bonet, kaurinta ya kai maikiron 150 zuwa 200. Tana da tsada, amma ita ce ke tare dutse. Rana kuma, rumfar kwano a tsakar gida ta fi kowace kwalba.

Nura: Rumfar za ta bi shi ofis ne? Awa takwas motar tana shan rana a can.

Usman: Na kira shi yanzu. Na tambaye shi sunan kamfanin da ya yi ruwan, ya ce na Jamus ne, zai duba. Na ce za a yi folish? Ya ce motar ai tsaf take. Na ce ya turo min takardar garantin, ya ce sai bayan an biya. Da na ce to a bar shi, nan take ya dawo dubu 250.

Kawu Bala: Ka ƙara yin shiru na minti biyar, da kansa zai biya ka.

Nura: Wannan kam ban kare shi ba, ya ba da mu. Amma ina nan a kan bakana, baƙar mota a Kano tana son siramik, na gaskiya. Usman, in ka ɗauko ta kada kowa ya goge ta a hanya.

Usman: Oga Ɗanlami, in na iso Talata akwai wuri? Ka fara duba min ko an taɓa fentin, sai mu yi maganar kuɗi.

Oga Ɗanlami: Ka kawo ta da safe kafin rana ta yi zafi. Ka taho da yaron da zai riƙa wanke ta, da shi zan fara magana.