Wai Amurka sata ta yi wa Girkawa da Rumawa?

Sani Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi abin nan yana ci mini rai. Jiya wani ya dage wai Amurkawa ne suka ƙirƙiro dimokuraɗiyya, kowa sai gyaɗa kai yake. Na ce masa kimanin shekara 2500 ke nan mutanen birnin Atina na ƙasar Girka na taruwa su ɗaga hannu su yanke shawarar yaƙi da doka, sai aka ce na cika gardama. To ku duba mana. Majalisar dattawan Amurka daga Rum suka ɗauko ta har sunan. Capitol, ginin majalisar dokokinsu, sunan wani tudu ne a birnin Rum. Rubutun da ke kan hatiminsu, E pluribus unum, Latin ne. Sata ce tsagwaronta, amma ba mai son ji.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Sani, kalmar sata ta yi nauyi. Ɓarawo ɓoye abu yake yi, su kuwa shela suka yi. Tsakanin 1787 da 1788 Hamilton da Madison da Jay, daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, sun rubuta maƙala 85 don kare tsarin mulkin ƙasar, duk suka sa hannu da sunan Publius, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jamhuriyar Rum bayan an kori sarki. Wa zai saci kaya ya sa hannu da sunan mai kayan?

Sani Fagge: To Malam, in ba sata ba ce, mece ce?

Hajiya Rabi: Gado ne.

Nura: Haba Hajiya, gado ai sai da dangantaka. Yawancin waɗanda suka kafa ƙasar jikokin mutanen Birtaniya ne, Rumawa kuwa mamaye Birtaniya suka yi kusan shekara 400. Ku ce aro.

Hajiya Rabi: Aro ana mayarwa, Nura. Yaushe suka mayar?

Nura: Gadon ma ana rabawa. Wa ya raba musu?

Malam Habu: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne, tsarin Atina bai ma kwanta musu ba. A can da ƙuri'ar sa'a ake fitar da majalisar mutum 500, kuma mata da bayi da baƙi ba su da ta cewa. Madison a maƙala ta 10 ya fito fili ya ce irin wannan mulki na taron jama'a kai tsaye rikici yake haifarwa, ya zaɓi jamhuriya mai wakilai. Zuciyarsu ta fi karkata ga Rum.

Ustaz Bala: Rumawan da Allah ya ambata a Alƙur'ani, har sura guda da sunansu. Kuma me ya sa ba wanda ya ambaci Musulmi? Ba don fassarar da aka yi a Bagadaza da sharhin Ibn Rushd ba, ina Turai za ta san Aristotal, masanin falsafar Girka?

Malam Habu: Ustaz, Rumawan da ke cikin surar su ne na gabas, masu hedikwata a Kustantiniyya, waɗanda suka yi yaƙi da Farisa. Jamhuriyar da muke magana ta riga su da ƙarnoni. Ba na musun aikin Ibn Rushd, amma shugabannin Amurka na farko-farko irin su Jefferson da Adams da Latin suke karanta Cicero, marubucin Rum.

Ustaz Bala: Ku 'yan boko kullum sai kun nemo wa Bature mafita.

Malam Habu: A daina wannan, Ustaz. Tare muka yi allo da kai.

Zainab: Ni dai abin da idona ya gani zan faɗa, tunda kusa da Washington nake. In ka hau matattakalar ginin tunawa da tsohon shugaban Amurka Lincoln, ginshiƙai 36 ne suka kewaye shi, fasalin wurin bautar Girkawa sak, shi kuma yana zaune ciki a kan kujera. Ƙarƙashin hannayensa biyu an sassaƙa damin sanduna a ɗaure, alamar iko ta Rumawa. Sai dai abin da ya fi taɓa ni daban ne. Bayi baƙar fata na cikin waɗanda suka fasa dutse suka gina Capitol ɗin nan, kuma iyayen giji kan raɗa wa bayinsu sunaye irin su Caesar da Cato. Masu kare bauta a kudancin ƙasar har hujja suke kafawa da Girka da Rum.

Nura: Anti Zainab, kina cin arzikin ƙasar kina kushe ta.

Zainab: Gumina nake ci, ƙanena. Haraji nake biya.

Hajiya Rabi: Nura ka nemi afuwarta, ta haife ka.

Nura: Ban zage ta ba. Kuma har yanzu ba a ba ni amsa ba, wa ya raba gadon?

Isiyaku: Tambaya gare ka Sani. A 1979 Najeriya ta ɗauko tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, har da sanatoci. Mu ma ɓarayi ne ke nan?

Sani Fagge: Mu ba mu taɓa cewa mu muka ƙirƙiro ba.

Isiyaku: Su ma wa ya ce sun ce? Abokin hirarka ne ya faɗa.

Ɗanjuma, mai kula da zaure: Dare ya yi, bari in taƙaita. An tabbatar Amurka ba ta ƙirƙiro komai ba, kamar yadda Sani ya faɗa tun farko. Malam Habu da kansa ya kawo hujjar Publius da ke ƙarfafa hakan, Zainab ta shaida da idonta, Ustaz kuma ya nuna asalin ilimin ta hannun Musulmi ya biyo. Batun aro ba shi da tushe. A rufe haka.

Malam Habu: Ɗanjuma, ji tsoron Allah. Publius na kawo don in rushe maganar sata, ka juya ta.

Zainab: Ni ma maganar bayi na yi, ba ka ko ambace ta ba.

Hajiya Rabi: Kuma ka tsallake gado.