Armistice: tsagaita wuta ne, sulhu ne, ko me?

Jama'a, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. Jiya ina fassara wani labari kan Koriya na ci karo da kalmar Turanci armistice, hannuna ya rubuta "tsagaita wuta" kafin in ankara. Da na sake dubawa sai abin bai kwanta mini ba. Tsagaitawa ai ta ruwan sama ce: ka leƙo daga rumfa, ka ga ya tsagaita, ka ruga gida kafin ya dawo. Takardar armistice da aka sa wa hannu a Panmunjom, kan iyakar Koriya ta Arewa da ta Kudu, ranar 27 ga Yulin 1953 kuwa ta haura shekara 70 tana aiki. Wace irin tsagaitawa ce wannan?

Wani ɗan'uwa ya ce in rubuta "sulhu" in huta. A'a Malam, ba a yi sulhu ba. Yaƙin Koriya ta Arewa da ta Kudu ya ɓarke ranar 25 ga Yunin 1950, aka fara zaman tattaunawa a Kaesong cikin Yulin 1951, aka shekara biyu ana magana ana ɓarin wuta, galibi saboda fursunonin yaƙin da suka ce ba za su koma gida ba. Da aka zo sa hannu, sojoji ne suka zauna: Janar William Harrison na Amurka a madadin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, Janar Nam Il a madadin Koriya ta Arewa da dakarun China. Ko musafaha ba su yi ba. Shugaban Koriya ta Kudu na lokacin, Syngman Rhee, ƙin sa hannu ya yi, shi so yake a ci gaba da yaƙi har a haɗe ƙasar. Taron Geneva na 1954 da aka sa ran zai warware sauran ya watse hannu rabbana.

"Ajiye makamai" fa? Ko kusa. A kunnen Bahaushe wannan na nufin wani ya miƙa wuya. Nan kuwa an ja da baya ne kilomita biyu-biyu, aka bar fili mai faɗin kilomita 4 da tsawon kusan 250, aka cika shi da nakiyoyi. Har yau akwai sojan Amurka kimanin 28,500 a Kudu, kuma saurayi a can sai ya yi wata 18 a rundunar sojan ƙasa, yana so ko ba ya so.

Su kansu 'yan Koriya kalma biyu gare su, jeongjeon, wato tsayar da yaƙi, da hyujeon, wato yaƙi ya huta. Na gwada "hutun yaƙi", sai ya yi mini kama da hutun makaranta.

Wani dattijo, tsohon malamin Hausa, shi ya warware mini da asuba. Ya rubuto: "Ɗana, ka yi jami'a a Najeriya kuwa? Ka manta bambancin a janye yajin aiki da a jingine shi?" Allah Ya ƙara lafiya Baba. Idan an janye, an gama. Idan an jingine, kamar sanda ce a jikin bango, mai ita yana zaune kusa, hannu kawai zai miƙa.

Wata 'yar'uwa ta ce kada a ɗauka jinginar bashi ake nufi, an kai yaƙi wajen mai kuɗi an karɓo rance. Na yi dariya Yaya, amma wanda ya ji "an jingine shari'a" bai taɓa tambayar nawa aka bayar ba.

Na gwada kalmar "jingine" a kan labarin, ta zauna daram. A 2013 Arewa ta ce ta yi watsi da yarjejeniyar. A Afrilun 2018 shugaban Arewa Kim Jong Un da shugaban Kudu na lokacin Moon Jae-in suka yi alkawari a Panmunjom ɗin cewa za a ayyana ƙarshen yaƙin, ba a ayyana ba. A 2024 Kim ya ce ya bar maganar haɗewa, aka tarwatsa hanyoyin da suka ratsa iyakar.

Don haka na rubuta "yarjejeniyar jingine yaƙi". Tsagaita wuta na bar wa na 'yan kwanaki, zaman lafiya kuma sai ranar da aka yi shi. Saura wancan filin nakiyoyin da ake ce wa DMZ, wato yankin da aka janye sojoji daga cikinsa. Baba, me za mu kira shi?