Neman taimako kan kalmar paradoksa a Luka 5:26

Malamaina masana Helenanci, ina neman taimakonku kan wata kalma da ta tsaya mini a Luka 5:26, inda mutanen da suka ga an zuro shanyayye ta rufin ɗaki a gaban Yesu, ya kuma tashi ya ɗauki shimfiɗarsa, suka ce yau sun ga paradoksa, wato abubuwan al'ajabi. A nan kaɗai kalmar ta fito a dukan Sabon Alkawari, saboda haka babu wata aya da zan gwada ta da ita.

Ta fuskar nahawu na gane cewa sifa ce da ta tsaya a gurbin suna, jam'i ce, kuma ita ce karɓau na aikatau eidomen, wato mun gani. Inda na cije shi ne ginin kalmar, wadda aka haɗa daga para da doksa. Doksa a tsohon Helenanci tana nufin zato ko ra'ayi, amma a Sabon Alkawari galibi ɗaukaka take nufi, ga shi kuwa a wannan aya ɗin Luka ya ce jama'a suna ɗaukaka Allah da aikatau edoksazon, daga tushe guda. Shin para a nan tana nufin abin da ya saɓa wa zato ne, ko wanda ya zarce shi?

Jam'in ma ya ɗaure mini kai, tunda mutum ɗaya aka warkar. Ni dai ina ganin gafarar zunubin da Yesu ya yi wa mutumin da warkarwar ne aka haɗa, ko da yake Markus 2:12, wanda ya ba da wannan labari shi ma, bai kawo kalmar ba sam. Ko nahawun ya goyi bayan wannan fahimta?