Me za mu kira "istiɗala" ta harafin lodi da Hausa?

Malamin Islamiyya, gefen Ringim: Salamu alaikum. Na kawo ɗalibaina kan siffofin haruffa a darasin tajwidi, mun tsaya a istiɗala, siffar da harafin ض kaɗai ke da ita, wato lodi a babbaƙunmu na allo. Yara sun haddace kalmar tsaf, amma ba ta zauna musu ba. Ni "tsawaitawa" nake ce musu. Ko akwai wadda ta fi ta?

Gardi daga Taura: Allah gafarta Malam, tsawaitawa za ta ci karo da madda. Da ka faɗa wa yaro haka, sai ya kama jan harafin kamar mai kiran assalatu. Me zai hana "shimfiɗuwa"?

Alaramma, Garki: A bar wa harafin shin (ش) shimfiɗuwa, ita ta fi kusa da tafashshi, siffarsa ta bazuwar iska a baki. Ku duba yadda lodi ke fita tukuna. Gefen harshe ake dannawa a jikin turamen sama, na hagu ya fi wa yawancin mutane sauƙi, sai sautin ya bi gefen nan daga baya ya yi gaba har ya taɓo mafitar harafin lam. Shi ya sa kakanninmu suka ji lam a cikinsa. Daga nan muka samu alƙali, larura, alwala, farilla, har da Ramalan. Kuma ba mu kaɗai ba ne, Ibnul Jazari, babban malamin tajwidi da ya rasu a 833 bayan Hijira, ya ambaci masu mayar da shi lam mai kauri. Matasanmu kuwa, garin gudun lam sai su faɗa dal, bugu ɗaya su ɗauke harshe, siffar ta tafi ke nan. Ni "miƙewa" na zaɓa.

Malama daga Babura: Alaramma, a yi mini afuwa, miƙewa a bakin yara tashi tsaye ne, sai sun yi dariya. Mu a ajin matan aure "zarcewa" muke cewa: sauti ya tashi daga turame ya zarce gaba bai tsaya ba.

Alaramma, Garki: To, Malama ta fi ni. Zarcewa ta ɗauko tafiyar, kuma ba ta shiga gonar madda ba.

Malamin Islamiyya, gefen Ringim: Na ɗauka. Zan rubuta "zarcewar lodi" a allon bango, istiɗala a gefenta saboda masu musabaƙa. Ranar Asabar zan gwada su da ƙarshen Fatiha.